Yajin da Aka Rasa Ubansa

Tun da likita ya ce Direba yana da gyambon ciki, ya kuma hana shi yaji, Uwar-biyu ta daina yarda da tattasan kasuwa. Mai tattasai zai rantse miki cewa nasa ba ya da yaji, ki kai gida ki markaɗa, guda ɗaya a ciki ya ɓata miki tukunya. Ita kuwa ta ga mijinta a gadon asibiti. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota daga wannan gari zuwa wancan ya koma kamar tsumman da aka matse, kuma ba ta fatan sake ganin haka.

Sai ta samo irin wani tattasai mai kaurin nama, wanda ko jariri zai iya tsotsa, ta shuka a saman benen da suke haya, cikin tsofaffin bokitai da jarkokin da ta yanke wa kai. Duk shekara takan zaɓi wanda ya fi kyau ta bar shi ya nuna jajir, ta cire ƙwayoyinsa ta shanya, ta zuba a kwalbar magani ta ajiye a aljihun keken ɗinkinta. Ɗinki ne sana'arta. Tagwayen da ake kiranta da sunansu sun girma sun kama gabansu, saboda haka hidimarta ta koma kan keke da bokitan nan. Idan tankin sama ya ƙafe, a ka take hawa da ruwa.

Wata rana ta zuba wa Direba abinci, ta koma kan keke tana ƙarasa wuyan wata riga. Jan hanci ta fara ji a bayanta. Da ta waiga sai ta gan shi ya duƙufa a kan kwano, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana kai loma ba ƙaƙƙautawa. Ya suɗe kwanon, har ya tambaya ko da saura, abin da ya daɗe bai yi ba. Daɗi ya kama ta, ta tashi za ta ƙaro masa, ta ɗan lashi cokali a hanya. A bakin kicin ta tsaya cik. Miyar tana da yaji, irin wanda yake lallaɓowa daga baya ya riƙe maƙogwaro.

Ta tambaye shi ko bai ji ba. Ya ce shi dai bai ji komai ba, ƙila zafin wuta ne. Duk da haka ta hana shi ƙarin, ta ba shi madara. Washegari ta gan shi yana tafiya a ɗan duƙe, hannu a kan ciki, yana cewa kwanciya ce ta yi masa ba daidai ba.

Ta birkice kicin kaf. Gidan da ko garin barkono bai shiga ba shekara da shekaru, daga ina yaji zai fito? Ta tuna wata maƙwabciya ta ari blandarta, sai ta wanke ta da ruwan zafi da lemon tsami. Ta goge wuƙa, ta kankare katakon yanka, ta zubar da kayan ƙamshin da ta saya a ƙulle. Miyar ranar ta fito lafiya lau, ta ce to, ashe blanda ce. Bayan kwana biyu yaji ya dawo, ya ma fi na farko. Ta fara zargin harshenta. Ta ba Direba ya ɗanɗana, ya ce ruwa ma ya fi wannan yaji. Ta ba wata mata da ta zo gwajin riga, matar ta lasa ta nemi ruwan sha.

Abu ɗaya ya rage, shi ne tattasan kansa, kuma hankalinta ya ƙi ɗaukar hakan. Irinta ne, da hannunta ta cire, daga kwalba ɗaya ta shuka. Amma da safe ta ɗauki wuƙa da kofin ruwa da tarkacen jan ƙyalle ta hau sama, ta bi bokitan ɗaya bayan ɗaya tana yanka tana taunawa. Na farko zaƙi, na biyu ma haka. Na uku ya sa ta hawaye, ta ɗaura masa jan ƙyalle. Da ta duba sai ta ga kamar masu yajin sun fi sirantaka, bakinsu da ɗan tsini, har ta fara murna ta gano alama. Sai ga wani mai tsini ya fito da zaƙi, wani ƙato mai kumatu ya ƙone mata leɓe. Kafin ta kai ƙarshen layi harshenta ya mutu, komai yaji take ji, har ruwan kofin. Ta tsaya tana kallon jajayen ƙyallayen, ba ta san waɗanda ta ɗaura bisa gaskiya ba da waɗanda ta yi wa ƙazafi.

Tana nan tsaye tana shan iska da baki sai idonta ya faɗa kan tukunyar Sista.

Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai take zaune a hawan da ke ƙasa da nasu. Ita ce ma ta ga aman Direba a wancan lokaci ta ce a bar jiƙe-jiƙe a tafi asibiti yanzu. A can ƙarshen rufin, kusa da igiyar shanya, tana da wata babbar tukunyar shuka guda ɗaya. Wani baƙon barkono ne da ɗanta ya kawo mata irinsa daga ƙasar da ya yi karatu. Ganyensa gashi-gashi, furensa shuɗi mai ja-ja, 'ya'yansa ƙulu-ƙulu kamar ƙananan tumatir, yajinsa kuwa Sista da kanta ta ce rabi ya ishi tukunya. A kan idon Uwar-biyu wani ƙudan zuma ya tashi daga shuɗin furen nan, ya yi shawagi, ya sauka a kan farin furen tattasanta. Biri ya yi kama da mutum.

Matan da ke zuwa ɗinki suka ƙara mata ƙarfi. Wata ta ce kakarta ba ta taɓa shuka mai yaji kusa da marar yaji ba, don yaji iska yake bi. Wata ta ce a'a, ta ruwa yake bi, idan aka yi ban ruwa da moɗa ɗaya shi ke nan. Bakinsu bai zo ɗaya ba a kan hanyar, amma duk sun yarda barkonon Sista ne.

Uwar-biyu ta sauka da niyyar lallashi. Ta shirya kalamai masu daɗi a kan matattakala, amma da ƙofa ta buɗe sai suka watse.

Ta ce, "Sista, ki rufa mini asiri ki sauke barkonon nan naki daga sama. Ya lalata mini tattasai, zai kashe mini miji."

Sista ta zare tabarau ta dube ta. "Ni ce zan kashe miki miji?"

Ta yi ta bayanin cewa ba ita take nufi ba, barkonon take nufi. Sista ta ce ta ji. Da yamma aka ji ƙarar tukunya a kan matattakala, tsohuwar tana janyo ta hawa-hawa ita kaɗai. Uwar-biyu ta fito za ta kama mata, Sista ta ce a'a, na gode. Wani reshe ya karye a kwana ya faɗi can gefe. Daga ranar gaisuwarsu ta koma sannu, yauwa.

Aka yi makonni. Tukunyar Sista ba ta sama, amma sababbin 'ya'yan da masu jan ƙyalle suka fitar yajinsu na nan daram. Uwar-biyu ta rasa tudun dafawa. Ta ɓata da maƙwabciya, kuma ba ta tsira da komai ba. Sai ta buga wa ƙanenta, autan gidansu, waya. Malamin gona ne, yana aiki da manoma a wajen gari, ita dai ba ta taɓa ɗaukar karatunsa da muhimmanci ba, don ita ta goya shi.

Ranar hutunsa ya zo a kan babur. Ya tsokani Direba da cewa cikin da ya cinye abincin tashoshin duniya yau ya koma shan madara, Direba ya ce zai gani, tsufa na nan tafe. Suka hau sama su uku. Auta ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce a nuna masa barkonon da ake zargi. Uwar-biyu ba ta da idon zuwa ta roƙi Sista, amma reshen da ya karye yana nan a kwanar matattakala da busasshen ɗa guda a jikinsa. Ta ɗauko masa. Ya fasa shi a tafin hannu, sai ga ƙwayoyi baƙaƙe wuluk.

Ya ce, "Yaya, an bar jaki ana dukan taiki. Wannan ko a bokiti ɗaya kika shuka shi da tattasanki, ba za su haihu tare ba. Sunan barkono kawai suka haɗa."

Ya ce mata barkono gida-gida ne. Tattasai da dogon barkonon nan siriri 'yan gida ɗaya ne, da zarar ƙudan zuma ya kwaso garin furen wannan ya kai wa wancan, sun haɗu. Attaruhu ɗan wani gida ne, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya ƙi, idan ma ya kama sau da yawa ƙwayar ba ta tsira. Mai baƙar ƙwaya kuwa babu hanya sam.

Ita abin bai shige ta ba. Ta ce yaya za a yi tattasai mai ƙiba da barkono siriri kamar tsinke su zama 'yan gida ɗaya, alhali attaruhu da yake kamar ƙanen tattasai a ido ya zama bare? Auta ya ce kama da wane ba ta wane.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ƙudan zuman da ta gani ba ya canza tattasan da ke jikin bishiya yau. Ƙwayar da ke cikinsa yake canzawa, sai an shuka ta ake gani. Abin da take ci bana tun bara aka ƙulla shi, a cikin kyakkyawan tattasan nan da ta zaɓa ta cire iri. Kuma duk inda mai yaji ya haɗu da marar yaji, 'ya'yan yaji suke ɗaukowa. Ta tambaya, to me ya sa wasu suka fito da zaƙi, bayan daga tattasai ɗaya ta cire su? Ya ce kowace ƙwaya da nata uban.

Ta ce, "Kai Auta, ji tsoron Allah. Tattasai ɗaya, uba barkatai?"

Ya ce, "Uwa dai taki ce, Yaya. Uban ne ba mu sani ba. Wane barkono mai yaji ne ya yi fure kusa da nan bara?"

Ta ce babu. Tukunyar Sista ce kaɗai, ita kuma ya wanke ta.

Tun da aka fara maganar uba Direba ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Ya ce rana ta yi zafi, a sauka a sha ruwan sanyi. Ba a kula shi ba. Auta ya fara zagaya rufin yana leƙen gidajen maƙwabta, Direba ya sake cewa a sauka, baƙo bai ci komai ba. Da Auta ya nufi bayan tanki sai Direba ya ɗaga murya ya ce kada ya je can, akwai gidan rina. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Auta ya dube shi, ya ƙarasa, ya ɗaga wani tsohon kwanon rufi da aka jingine da bango.

Gwangwanin fenti ne a wurin, da bishiyar attaruhu a ciki, kore shar, ta sha taki, ta yi 'ya'ya jajaye. Ga guraben waɗanda aka tsinke kwanan nan.

Direba ya yi tsuru-tsuru. Da farko ya ce sunsunawa kawai yake yi. Daga baya ya ce wani lokaci yakan gutsuri kaɗan, ya sa a aljihu, ya goga a bayan cokali idan ta juya. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ba shi dashen a tasha. Amma ya rantse bana ya kawo shi, bai fi wata uku ba. Auta ya tsuguna ya murza gindin bishiyar, ya ce gaskiya ne, ɗanya ce, ba ta ga bara ba. Ke nan ba ita ce uban ba, kuma ko da ta ga bara, attaruhu ba abin a rantse a kansa ba ne. Ya miƙa hannu ya nuna rufin gidajen da suka yi ta jeruwa har inda ido ya tsaya, ya ce ƙudan zuma ba ya neman izini, yana iya kwasowa daga tagar wani can layi na uku.

Uwar-biyu ta kife wani bokiti ta zauna. Ta fito neman ɓarawon akuya ta kama na kaza. Ciwon cikin da ya yi kwanaki, miyarta ce ta jawo ko gwangwaninsa? Duk santin da yake yi mata yana cewa girkinta ya fi na kowa, da attaruhu a bayan cokali yake yi? Sai kuma ta lura ƙasar gwangwanin a jiƙe take, alhali tankin ya kwana biyu a ƙafe. Da ruwan da take hawowa da shi a ka yake ban ruwa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sallami Auta, ta koma kan keke, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke.

Da safe ta tsinko masu zaƙi, ta ɗan yanki bakin kowanne ta ɗanɗana don kada a sake, ta zuba a kwano ta sauka wurin Sista. Tsohuwar ta bar ta a tsaye na ɗan lokaci kafin ta matsa mata ta shiga. Uwar-biyu ta ba da haƙuri, ta kwashe komai ta faɗa, har da baƙar ƙwaya da gwangwanin fenti. Sista ta juya wani tattasai a hannu, ta ga ɗan yankan da ke bakinsa, dariya ta so ƙwace mata. Ta ce ai ta sha ganinsa yana zagayawa bayan tanki idan ta hau shanya, ta ɗauka taba yake sha, ita kuwa ba ta shiga tsakanin miji da mata.

Uwar-biyu ta ce tun yaushe?

Sista ta ce, "Tun bara, kafin ma ɗana ya kawo mini irin nan."

Ko sallama ba ta yi da kyau ba ta haye sama. Yau dai ta kama uban. Ta tarar da Direba yana gyara rediyo, ta tsaya a kansa ta tambaye shi wane barkono ya ɓoye a bayan tanki bara. Ya sosa ƙeya, ya daɗe yana kallon batir.

Ya ce, "Na bara ba barkono ba ne, Uwar-biyu. Taba ce. Da na samu attaruhun na daina."

Tabar ma likita ya hana shi. Ta tsaya tana kallonsa. Idan gaskiya ya faɗa, ya shekara yana busa hayaƙi a kan rufinta ba ta sani ba, kuma har yanzu ba a ga uban tattasai ba. Idan ƙarya ce, to akwai barkono bara, kuma ya gwammace ya ɗauki laifin da bai yi ba da ya amsa wanda ya yi. Ta rasa wanne za ta roƙi Allah ya zama gaskiya. Ta buga wa Auta ta faɗa masa, ya yi ta dariya har sai da ta kashe wayar.

Sista ce ta ce a bar zancen uba, a kai mutumin nan a duba cikinsa. Suka tafi su uku. Likitan da suka tarar wani ne, ba na da ba. Ya duba Direba ya ce da sauƙi, ya ba shi magani. Da Uwar-biyu ta kai ƙarar attaruhu sai ya ce ai ba yaji ne ke kawo gyambon ba, yakan dai tayar wa wasu da ciwon. Idan yana tayar masa ya bari, idan ba ya tayarwa ɗan kaɗan ba laifi. Taba ce kada ya kuskura. Direba ya yi ta murmushi a mota har gida. Ita kuwa ta ce likita ɗaya ta sani, wanda ya gan shi ranar da aka kawo shi ranga-ranga, kuma kowa ya ji da cikinsa.

Duk da haka ba ta zubar da gwangwanin ba. Ta sauko da shi ta ajiye a gaban tagar kicin inda idonta ke kai. Direba ne ya kinkimi tukunyar Sista ya mayar sama, yana nishi, matan biyu na bayansa suna ce masa ya yi hankali da rassa. Hawa da ruwa ma ya koma wuyansa. Masu jan ƙyallen ba ta tuge su ba, don maƙwabta sun ɗanɗana sun ce ba su taɓa cin tattasai mai daɗinsa ba, ga nama ga ɗan yaji. Suna zuwa roƙon iri suna tambayar sunansa, takan ce ita ma a hanya ta gan shi.

Auta ya ce idan tana son irinta ya dawo tsantsa, ta rufe furen masu zaƙi tun bai buɗe ba, don ya haihu da kansa ba tare da baƙo ba. Ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka 'yan jakunkuna kamar na yatsa, ta bi ta ɗaure. Rabin furannin suka zube a cikin jakar. Ta sake bugawa, ya ce ya manta bai gaya mata ba, ta riƙa ɗan girgiza reshen da safe. Waɗanda suka kama ta bar su suka nuna, ta cire iri, da lokaci ya yi ta shuka.

Suka tsiro gwanin sha'awa, ganye bibbiyu, duk kamarsu ɗaya. Ta tambayi Auta ko akwai yadda za a gane mai yaji tun yana ƙarami. Ya ce babu, sai ya yi 'ya'ya an tauna, kuma tun da iyayen nasu ma da harshe ta tantance su, kada ta sa rai da yawa. Ta ajiye wayar ta leƙa ƙasa ta kira Direba, ta ce tanki ya ƙafe, ya hawo da jarka biyu.